Sabuwar Altaneta a Tsohuwar Fijo

Ya kai mai karatu, da za a ce ka lissafa sassan mota, na san da waɗanda za ka fara. Za ka ce taya, sitiyari, birki da fitila, wataƙila ka ƙara da batir. Da wuya ka ambaci altaneta, domin a ɓoye take ƙarƙashin murfin injin, ba ta ado, ba ta ƙyalli, girmanta kuma bai wuce na ƙaramar kabewa ba. Amma duk wutar lantarkin da mota ke amfani da ita a kan hanya daga cikinta take fitowa. Ranar da ta gaza, motar za ta ci gaba da tafiya na ɗan lokaci kamar babu abin da ya faru, sa'an nan fitilu su dushe, injin ya yi shiru, a duk inda ƙarfin batir ya ƙare, ko da tsakiyar daji ne. Ina so in ba ka labarin yadda aka sauya wannan na'ura a motar gidanmu, da dalilin da ya sa aikin da wasu ke ɗauka na rabin sa'a ne ya ci yini guda cur.

Ni malamin Hausa ne a wata makarantar sakandare, gidanmu kuma yana Agwada, cikin Ƙaramar Hukumar Kokona ta Jihar Nasarawa. Babban garin da muke zuwa don asibiti, banki da manyan sayayya shi ne Keffi. Motar da nake magana a kanta Peugeot 504 ce, wadda kowa a ƙasar nan ya fi sani da Fijo. Mahaifina ne ya saye ta tun ina ƙaramin yaro, ni da ita kusan sa'anni ne. Da ya rasu, sai ta faɗo hannuna, tare da buhun sifanoninsa da wani tsohon littafi da yake rubuta ranar da aka yi mata juyen mai.

Ya kamata ka san ko wace irin mota ce wannan, domin yaran yanzu da yawa ba su taɓa shiga cikinta ba. A Faransa aka fara ƙera ta a shekarar 1968, a 1969 kuma aka zaɓe ta motar shekara a nahiyar Turai. A 1975 wani direba ɗan ƙasar Suwidin, Ove Andersson, ya ci gasar tseren motoci ta Safari a Kenya da ita, gasar da ake yi kan hanyoyin ƙura da taɓo. A wannan shekarar dai masana'antar Peugeot da ke Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motoci, bayan an kafa kamfanin a 1972 bisa haɗin gwiwar Gwamnatin Tarayya da kamfanin Peugeot na Faransa. Turai ta daina ƙera ƙirar salun ta 504 a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita fiye da shekara 20 bayan haka. Dalilin bai ɓuya ga kowa ba. Cikinta a ɗage yake daga ƙasa, ƙafafunta suna haɗiye gargada, injinta kuma mai sauƙi ne, duk wani makanike na bakin titi ya san kansa. Ita ce motar ma'aikatan gwamnati, ita ce motar hakimai, doguwarta kuma ita ce tasin dogon zango da ke jigila tsakanin Jos, Kaduna, Kano da Makurɗi.

A unguwarmu wannan mota ta wuce abin tunawa da mahaifi. Idan naƙuda ta zo wa mace da gardama cikin dare, ƙofarmu ake bugawa. Idan maciji ya sari manomi a gonar doya, ita ake nema. Ta kai amare, ta ɗauko riɗi da agushi daga gona, ta kuma raka gawa. Saboda haka, lokacin da ta fara ciwo, ba ni kaɗai abin ya dama ba.

Ciwon ya fara ne da wata 'yar jar fitila da ke gaban direba, mai hoton batir. A ƙa'ida, tana kamawa idan an murɗa makulli, ta mutu da zarar injin ya tashi. Sai ta fara ƙyaftawa ana cikin tafiya. Bayan kwanaki kaɗan, manyan fitilun gaba suka koma ja-ja kamar na aci-balbal, ƙaho ya shaƙe, da safe kuma sai yaran unguwa sun tura kafin ta tashi. Maƙwabta suka ce batir ne ya mutu, a sayi sabo. 'Yan'uwana kuwa suka ce lokaci ya yi da za a kira 'yan gwangwan su auna ta a sikeli su biya, a huta. Maganarsu ba ta rasa hujja ba, domin albashin malamin makaranta ba ya son abokin ci. Amma na san cewa ranar da aka sayar da ita, ba ni da kuɗin da zan maye gurbinta da wata, unguwa kuma za ta koma jiran babur a daren da ake neman mota. Sai na yanke shawarar a fara gano ainihin cutar kafin a yanke mata hukunci.

Akwai wani dattijo a Keffi, mai gyaran wutar mota, irin waɗanda ake kira rewaya. Ya koyi sana'arsa a Kaduna zamanin da Fijo ke cika titi, kuma shi ne yake duba motar tun mahaifina na da rai. Da muka gaisa, na faɗa masa abin da maƙwabta suka ce. Bai amsa ba, sai ya ɗauko mitarsa ya ɗora wayoyinta biyu a kan batir. Ya ce in tayar da injin, ya sake dubawa, ya ce in taka totur, ya sake dubawa. Sa'an nan ya ɗago kai.

"Malam, batirinka lafiyarsa lau, yunwa ce kawai take damunsa," in ji shi. "Ai batir randa ne, altaneta ita ce rijiya. In rijiya ta ƙafe, ko randa goma ka saya, kwana nawa za su yi maka?"

Na ce, "To, Baba, yaya aka yi ka gane?"

Sai ya nuna mini fuskar mitar. Ga abin da ya koya mini, kai ma ka riƙe shi. Lafiyayyen batir cikakke, idan injin yana kashe, yana nuna kimanin volt 12.6. Idan an tayar da injin, altaneta mai lafiya takan ɗaga wannan adadi zuwa tsakanin 13.8 da 14.4, domin ruwa ba ya gangarawa sai daga tudu: dole ƙarfin da ke fitowa daga altaneta ya ɗara na batir kafin wuta ta shiga cikinsa. A tamu motar, da injin ya tashi, adadin bai ɗaga ba, da aka kunna fitilu ma sai ya ƙara sauka. Motar tana cin ajiyarta ne kawai.

Wataƙila ka tambaya, ta yaya ƙarfe mai juyawa ke haifar da wuta? Asalin ilimin ya koma ga wani masanin kimiyya na Ingila, Michael Faraday, wanda ya gano a 1831 cewa idan maganaɗisu ya motsa kusa da naɗaɗɗiyar waya, wutar lantarki takan gudana a cikin wayar. Wannan ƙa'ida ce ke aiki a madatsar ruwa ta Kainji da ta Shiroro, inda ruwa ke juya manyan injuna. Ita ce kuma ke aiki a ƙaramin janaretan mai shagon aski. A cikin mota, injin ne ke juya altaneta ta hanyar wata igiyar roba da ake kira fanbel. A tsakiyar altaneta akwai dunƙulen ƙarfe mai juyawa, wanda 'yar wuta kaɗan ke mayar da shi maganaɗisu. Kewaye da shi akwai naɗe-naɗen wayar tagulla da ba sa motsi, a cikinsu ne babbar wutar take samuwa.

Sai dai wutar da ke fitowa daga nan mai kaiwa da komowa ce, tana sauya alkibla sau da yawa cikin daƙiƙa guda, daga wannan hali nata ma na'urar ta samo sunanta a Turanci. Batir kuwa ba ya karɓar wuta sai mai tafiya gefe guda. Don haka aka sa wasu ƙananan masu gadi da ake kira dayod, galibi guda shida, waɗanda aikinsu kamar na ƙofar da ke buɗewa ciki kawai ne: wuta ta wuce gaba, ba ta dawowa. Akwai kuma ragileta, mai hana ƙarfin wutar wuce kima idan injin ya yi gudu, don kada batir ya tafasa, ƙwayayen fitila su ƙone. Kafin a samu irin waɗannan dayod masu araha, motoci da dainamo suke amfani, wadda ba ta ba da isasshiyar wuta idan injin yana tafiya a hankali. Kamfanin Chrysler na Amurka ne ya fara sa altaneta a motocin kasuwa a 1960, cikin 'yan shekaru kuma sauran kamfanoni suka bi sahu.

Da dattijon ya kwance tamu ya buɗe cikinta a kan tebur, sai ga tarihin motar a fili. Gawayin nan biyu da ke gogar sashe mai juyawa, waɗanda ake kira burushi, sun cinye saura ƙiris. Dayod biyu sun ƙone. Wayar tagullar ta yi baƙi, tana warin ƙuna, kuma ya nuna mini alamar cewa an taɓa sake naɗa ta a baya, da hannunsa ma. Ya ce hanyoyi uku ne a gabana. Ko a sake naɗa ta, wanda shi ne mafi araha, amma jikinta ya gaji, ba zai yi mini alkawarin shekara ba. Ko a sayi sabuwa fil a kwali, amma kasuwa ta cika da jabu, ciki har da masu wayar da aka yi wa fentin tagulla kawai, kuma araha ba ta ado. Ko kuwa a nemo ta hannu, irin wadda ake cirowa daga motocin da aka yanka a Turai, wadda 'yan kasuwa ke kira Beljiyam. Irin waɗannan kaya ana samun su a Panteka ta Kaduna, da Ƙofar Ruwa ta Kano, da Apo a Abuja, da Ladipo a Legas. Muka tsaya a kan ta ukun, da sharaɗin shi zai zaɓa da kansa, ya gwada ta kafin a biya.

Bayan mako guda ya aiko in kawo motar. A nan ne ainihin darasin ya fara, domin altanetar da aka samo ba ta 504 ba ce. Ta wata Peugeot ce da aka ƙera daga baya. Ta fi tsohuwar ƙarfi, ta fi ta ƙanƙanta, amma ba don wannan mazauni aka yi ta ba.

Abu na farko da ya yi shi ne cire zoben azurfar da ke yatsansa, ya jefa a aljihu, sa'an nan ya kwance kan batir mai alamar ragi. Ka lura da wannan tsari, domin rai na iya rataya a kansa. Kan batir mai alamar ragi a haɗe yake da dukkan ƙarfen jikin mota. Idan ka fara da mai alamar tarawa, sifanarka kuma ta kuskure ta taɓa jikin motar, wuta mai tsanani za ta bi ta cikin sifanar nan take, ta yi tartsatsi, ta iya narkar da zobe a kan yatsa. Batir kuma yana fitar da wata iska mai kama wuta, shi ya sa ba a shan taba kusa da shi. Idan aka fara cire na ragi, an yanke hanyar, sauran aiki ya zama lafiya. Wajen mayarwa kuwa, shi ne na ƙarshe.

Ya ɗora sabuwar a mazauninta, ya zura dogon ƙarfen da take lilo a kansa, ya ɗaura fanbel. A idona komai ya yi daidai. Babban yaron garejin ma har ya ɗauko sifana zai ɗaure. Dattijon ya ce masa, "Kai, dakata." Ya ɗauko wani miƙaƙƙen ƙarfe ya jingina shi a fuskar fulin injin, wato faifan da fanbel ke hawa, ya miƙa shi zuwa fulin altaneta. Sai ga 'yar tazara, ba ta kai kaurin fensir ba. Fulin sabuwar ya ɗan koma baya.

Yaron ya ce, "Oga, ai wannan ba komai, roba ce, za ta bi."

Ya ce, "Za ta bi yau, za ta bi gobe. Jibi fa? Malam da dare yake ɗaukar marasa lafiya. In ta tsinke masa a hanya, kai za ka je ka tura?"

Gaskiyarsa ke nan. Fanbel da ke tafiya a karkace yana cin gefensa a hankali har ya tsinke, yana kuma jan fulin gefe guda har boris ɗin ciki ya lalace. A yawancin tsofaffin motoci, igiyar da ke juya altaneta tana da alaƙa da famfon da ke zagaya da ruwan lagireto, don haka tsinkewarta na iya jawo injin ya yi zafi har ya ƙone. Dattijon ya sake kwancewa, ya zazzage wani gwangwanin madara cike da wasa, wato 'yan faya-fayen ƙarfe masu huda a tsakiya, ya riƙa gwada su ɗaya bayan ɗaya. Ya sa biyu, tazarar ta wuce. Ya cire ɗaya, ta rage kaɗan. Ya ɗauki wata ya goge ta da zarto har kaurinta ya yi yadda yake so. Sau huɗu aka ɗora, sau huɗu aka sauke, kafin miƙaƙƙen ƙarfen nan ya kwanta a kan fulayen biyu babu rata. Ana kiran azahar ke nan.

Bayan salla aka koma kan ɗaurin fanbel. Shi ma yana da kima. Idan ya yi sako-sako, zai riƙa zamewa yana kuka, batir ba zai ƙoshi ba. Idan ya yi tsauri da yawa, zai kashe boris. Dattijon ya danna tsakiyarsa da babban yatsa, ya ce ya kamata ya lotsa kamar santimita ɗaya. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima, yatsan da ya shekara arba'in yana wannan aiki kuwa ya fi ido sani.

Saura wayoyi, kuma a nan ne bambancin zamani ya fito sosai. Ragiletar tsohuwar altaneta a waje take, cikin wani ƙaramin akwati da aka ɗaure a bangon ɗakin injin. Ta sabuwar kuwa a cikin cikinta take. Wayoyin motar an shirya su ne don tsohon tsari, saboda haka ba za a cusa kowace waya a inda ta shiga kawai ba. Dattijon ya bi kowace ɗaya da 'yar fitilar gwaji har ya san daga ina ta taso. Kakkaurar wayar da ke kai wuta ga batir ya ɗaura ta a babban noti, bayan ya kankare tsatsar bakinta har ta yi haske. Ya raba tsohon akwatin da aiki, ya naɗe bakin wayoyinsa da salatif, amma ya bar shi a mazauninsa. Sa'an nan ya nemo siririyar wayar da ta fito daga jar fitilar nan ta gaban direba, ya kai ta ƙaramin bakin sabuwar altaneta.

Wannan siririyar waya ita ce ta fi ba ni mamaki a duk aikin. Na ɗauka jar fitilar gargaɗi kawai take yi. Ashe a irin waɗannan motoci, 'yar wutar farko da ke mayar da cikin altaneta maganaɗisu ta cikin ƙwan wannan fitila take bi. Idan ƙwan ya ƙone, lafiyayyar altaneta na iya ƙin fara aiki, mai mota ya yi ta kashe kuɗi a banza, alhali abin da ya lalace bai kai kuɗin kwanon abinci ba. Rijiyar ma, ka ga, sai an ɗan zuba wa famfonta ruwa daga randa kafin ya fara jawowa.

Da la'asar aka mayar da kan batir. Na murɗa makulli, jar fitila ta kama. Injin ya tashi, ta mutu. Mita ta nuna 14.1. Aka kunna manyan fitilu da ƙaho da abin share gilashi gaba ɗaya, adadin ya ɗan motsa ya tsaya. Wani direba da ke jiran layi ya ce a cire kan batir injin na aiki, in bai mutu ba to altaneta ta yi. Dattijon ya girgiza kai. Wannan gwaji ya yaɗu a garejoji, amma haɗari ne: batir ne ke shanye hauhawar wuta, idan aka cire shi injin na gudu, ƙarfin na iya yin tsalle ya ƙone dayod da ragileta a take. Mita ta riga ta faɗi gaskiya, babu buƙatar a yi caca da abin da aka yini ana gyarawa.

Ka ga dai sabuwar na'urar ta fi tsohuwar kyau ta kowace fuska, amma kyanta bai isa ya sa ta yi aiki ba. Sai da aka san jikin da za ta shiga, aka auna, aka ƙara wasa a nan, aka goge a can, aka bi kowace waya zuwa tushenta. Da an ɗaure ta da ƙarfi yadda ta zo, da ta yi aiki mako biyu ko uku ta kashe kanta, a ce ai tsohuwar mota ba ta gyaruwa. Abubuwa da yawa da muke zubarwa, daga keken ɗinki zuwa famfon burtsatse na unguwa, irin wannan hukunci ake yi musu, alhali ba tsufa ne ya kashe su ba, gaggawar mai gyara ce.

A matsayina na malamin harshe, akwai wani abu da kunnena ya riƙa tsinta a garejin nan, wanda zai amfane ka kai mai koyon Hausa. Kusan duk sunayen sassan mota baƙi ne, daga Turanci suka shigo. Amma Hausa ba ta karɓe su yadda suka zo ba, ita ma sai da ta yi musu irin aikin dattijon nan. Hausa ba ta fara kalma da baƙaƙe biyu a jere, saboda haka takan cusa wasali a tsakani, kamar yadda aka cusa wasa a bayan fuli. Dubi sifana, da sitiyari, da fulogi: wasalin da ke bin harafin farko ba ya cikin kalmar asali. Yawancin kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa, don haka aka ƙara shi a ƙarshen birki da kuloci. Sautin da Turanci da Faransanci ke rubutawa da harafin p kuwa yakan koma f, shi ya sa Peugeot ta zama Fijo. Bayan haka sai a ba kalmar jinsi. Waɗanda suka ƙare da wasalin a galibi mata ne: mota ta tashi, taya ta fashe, altaneta ta ƙone. Sauran kuwa maza ne: birki ya kama, batir ya yi sanyi, injin ya yi zafi. Da zarar kalma ta sami jinsi da jam'i, har ana cewa tayoyi da sifanoni, ta zama 'yar gida.

A wasu wuraren kuma Hausa ba ta yi aro ba, sai ta ɗauki tsohuwar kalmarta ta ba ta sabon aiki. Wuta, wadda kakanninmu suka sani a murhu, ita ce yau ke gudana cikin waya. Mota tana da ƙafa, tana shan mai, tana mutuwa, ana kuma tayar da ita. A garejin Keffi za ka tarar da yara masu koyon sana'a daga ƙabilu daban-daban na Jihar Nasarawa da maƙwabtanta, kowa da harshen gidansu, amma da wannan Hausa suke karɓar umarni, da ita suke ciniki, da ita suke zolayar juna. Da yawansu ba su taɓa buɗe littafin nahawu ba, amma ba za ka ji ɗayansu ya ce mota ya mutu ba bayan ya yi wata shida a wurin.

Saboda haka ga aikin da nake ba ka. Kalmomin da kake haddacewa a aji ajiya ce mai amfani, amma randa ce, tana raguwa idan ba a ƙara mata. Ka nemi izinin iyayenka, ka je garejin da ke kusa da ku, ko wurin mai faci, ko shagon tela, ka gai da mai wurin da ladabi, ka ce masa kai ɗalibi ne mai koyon Hausa. Ka nuna abu ka tambayi sunansa, ka saurari yadda ake sa shi a jimla, ka rubuta. Za ka dawo da kalmomin da babu su a wannan littafi, wataƙila kuma ka dawo da sha'awar wata sana'a. Masu irin ilimin dattijon nan suna ƙara ƙaranci, abin da ke kansu kuma ba a rubuce yake ba. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an je inda take an ɗebo.

Ma'anar Wasu Kalmomi

gargada: rashin daidaiton hanya, mai sa mota tsalle-tsalle
naƙuda: ciwon da mace ke ji gab da haihuwa
aci-balbal: ƙaramar fitilar gargajiya mai amfani da mai da lagwani
'yan gwangwan: masu sayen tsofaffin ƙarafa
randa: babbar tukunyar ƙasa ta ajiye ruwa
ƙafe: bushewar ruwa a rijiya ko kogi
maganaɗisu: ƙarfen da ke jawo wani ƙarfe
jabu: kayan da aka kwaikwaya, ba na ainihi ba
lotsa: shigewa ciki idan an danna
kima: gwargwadon da ya dace

Tambayoyi

1. Waɗanne alamomi uku ne suka nuna cewa altanetar motar ta gaza?
2. Bayyana abin da dattijon yake nufi da cewa batir randa ne, altaneta kuma rijiya.
3. Me ya sa ake fara cire kan batir mai alamar ragi?
4. Wane lahani ne karkacewar fanbel ke jawowa?
5. Kawo hanyoyi uku da Hausa ke bi wajen daidaita kalmomin aro, tare da misali ga kowace.
6. Nemo karin magana biyu daga cikin wannan rubutu, ka sa kowanne a jimlarka.
7. 'Yan'uwan marubucin sun so a sayar da motar. Rubuta sakin layi ɗaya kana goyon bayansu ko kana saɓa musu, tare da hujjojinka.